Wasiƙa daga Ingila: a je a duba jijiyar ido tun ana gani

Assalamu alaikum. Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kai da iyali da Inna da sauran 'yan gida kuna lafiya, an kuma kai amfanin gona rumbu lafiya. Wannan karon ba labarin tsadar haya ko farashin naman rago zan ba ku ba, ko da yake na san shi yara suka fi son ji. Maganar ido ce. Ina roƙo a karanta wa Inna da Gwaggo da duk wanda ya haura shekara 40 a zuriyar Baba, Allah ya jiƙansa. Na saka ta a fili ne don mutanen ƙauyukanmu na ƙasar Ringim su ma su gani, domin ba gidanmu kaɗai abin ya shafa ba.

Likitocin nan sun tabbatar mini ina da hawan jinin ido, wato glakoma, a idon hagu, amma yanzu ya soma. Kada hankalin kowa ya tashi. Ina gani garau, ina karatun Alƙur'anina, ina zuwa aiki. Idon bai taɓa yi mini zafi ba, bai yi ja ba, bai yi ruwa ba. Da a gida nake, babu abin da zai sa in hau mota zuwa Kano a kan idon da ke gani ƙalau, kuma ciwon nan a haka yake cin mutane.

A nan ba a asibiti ake fara gwajin ido ba. Shaguna ne a bakin titi, jere da masu sayar da takalma da wayoyi, kusan kowace unguwa akwai. A gaba tabarau ne reras a bango, daga ciki kuma akwai ɗakin da ma'aikacin da ya karanci gwajin ido yake zaune da na'urorinsa. Mutane suna zuwa duk bayan shekara biyu ko da babu abin da ke damunsu, in lokaci ya yi shagon ya aiko musu da takarda ko saƙon waya. Ni neman tabarau na karatu ya kai ni. Tun kafin in zauna, mai rubuta suna ta tambaye ni ko akwai mai ciwon ido a iyayena. Na ce mahaifina ya rasa ganinsa a hankali, kuma da aka kai shi Kano likita ya ce glakoma ce, jijiyar ta riga ta mutu. Nan take ta ce to ba zan biya kuɗin gwaji ba. Hukumar lafiyarsu, NHS, ita ke biya wa duk wanda ya kai shekara 40 idan uwa ko uba ko ɗan'uwan haihuwa ko ɗansa yana da ciwon. Haka take biya wa wanda ya kai 60 da mai ciwon suga. A yankin Sikotland kuwa tun 2006 gwajin kyauta ne ga kowa. Fam 10 kawai na ƙara daga aljihuna don a ɗauki hoton cikin ido da wata na'ura da ba ta cikin abin da gwamnati ke biya.

Kada ku ɗauka kyautar nan daga sama take saukowa. Tun albashi bai shigo hannu ba an yanke haraji, kuma yawancin baƙi suna biyan fam 1,035 a kowace shekara ta bizarsu don kuɗin asibiti kawai. Mu masu kula da tsofaffi da ma'aikatan lafiya aka ɗauke wa wannan. Abin da ya burge ni shi ne inda suka zaɓi su kashe kuɗin: a kan ɗan makaho da ƙaninsa, tun suna gani.

An hura mini iska a kowane ido don a auna matsin ruwan da ke ciki. Dama ya nuna 17, hagu 18. Lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21, saboda haka a lamba ba ni da komai. Amma ma'aikacin bai tsaya a nan ba. Ya haska fitila ya leƙa can ƙasan ido inda jijiyar gani take fita, ya daɗe yana kallon na hagu, sannan ya juyo allon kwamfuta ya nuna mini. Bakin jijiyar ya sirance ta ƙasa, kuma akwai wani ɗan siririn zanen jini a gefensa. Ya sa na cusa kai a wata na'ura mai kamar ƙwarya, ƙananan fitilu suna walƙawa nan da can, ina danna maɓalli duk sanda na ga ɗaya. Takardar da ta fito ta nuna wani ɗan gurbi ta sama, kusa da hanci, inda idon hagu ba ya ganin fitila. Ban taɓa lura da shi ba, domin idon dama yana rufa masa asiri. Ya rubuta wa asibiti a ranar.

Daga nan sai jira, kuma a jira ƙasar nan ba ta da bakin yi wa kowa gori. Ba ka isa ka tashi ka je wurin babban likitan ido da kanka ba sai an tura ka, layin kuma watanni ne. A 2020 hukumar da ke binciken kurakuran asibitoci a Ingila ta fitar da rahoton cewa kimanin mutum 22 ne a kowane wata ganinsu ke lalacewa sosai, wasu har abada, saboda jinkirin kiran su a sake duba su. A Kano in kana da kuɗin mota da na kati, ka yi sammako, sau da yawa ka ga likita kafin la'asar, ya kuma yi maka bayani da Hausa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, na san darajarsa yanzu.

Likitar da ta gan ni a asibiti ta yi mini tambayoyin da na rasa me ya haɗa su da ido. Kana ciwon ɓarin kai? Yatsunka suna yin fari su ƙandare in an yi sanyi? Kana minshari har numfashi ya riƙa ɗaukewa? Ka taɓa zubar da jini mai yawa, a haɗari ko a tiyata? Kana shan maganin hawan jini, kuma da wane lokaci kake sha? Na ce ina sha, da dare in zan kwanta. Sai ta ajiye biro ta yi mini bayani, kuma bayanin nan ne ya sa na zauna rubuta wasiƙar nan.

Jijiyar gani, in ji ta, ba zare ɗaya ba ce. Zaruruwa ne fiye da miliyan ɗaya, kowanne yana ɗauko saƙo daga wani gurbi a cikin ido ya kai ƙwaƙwalwa, dukkansu kuma ta ƙofa ɗaya suke fita a bayan ido, wadda faɗinta bai kai milimita biyu ba. Wanda ya mutu a cikinsu ya mutu, ba ya sake tsirowa. A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai, ba hawaye ba, da ake yi kullum yana kuma tsiyayewa ta wata 'yar matata a gefen baƙin ido. In matatar ta soma toshewa ruwan ya taru, matsi ya hau, ya danne bakin jijiyar. Wannan shi ne abin da kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bakin jijiyar yana rayuwa ne da jinin da wasu ƙananan hanyoyi suke kawo masa daga bayan ido, kuma kafin jinin ya shiga sai ƙarfin da ke turo shi ya rinjayi matsin da ke cikin idon.

Yaya, kai mai noman rani ne, ka fi ni sanin wannan. Inji yana turo ruwa daga kogi ta mesa zuwa fangali. In wani ya taka mesar, ruwa ya ragu. In ba wanda ya taka amma injin ya rage ƙarfi, nan ma ruwa ya ragu. Tumatir bai san wanne ne ya faru ba, yaushi kawai zai yi. Mai taka mesa shi ne matsin ido, injin kuwa bugun jinin jiki. Shi ya sa za ka sami mutum lambar idonsa 17, amma jijiyarsa tana ƙarewa. Irin wannan ba baƙon abu ba ne: a binciken da aka yi a garin Tajimi na Japan, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu nau'in glakomar da ya fi yawa lambarsu ba ta wuce 21 ba.

Dare ya fi haɗari. In mutum ya yi barci bugun jininsa yakan sauka, haka Allah ya tsara jiki. In ya kwanta kuma matsin ido yakan ɗan hau. To ga inji ya yi sanyi, ga mesa an taka, a lokaci guda. Wani likita ɗan asalin Indiya, Sohan Hayreh, da ya yi aiki a jami'ar Iowa ta Amurka, ya shafe shekaru yana nuna cewa waɗanda jininsu ke faɗuwa ƙasa sosai cikin dare jijiyar idonsu ta fi saurin lalacewa, musamman masu shan maganin hawan jini dab da kwanciya. Sauran tambayoyin likitar da ta gan ni ma a nan suka dosa. Mai ɓarin kai da mai ƙandarewar yatsu ƙananan hanyoyin jininsu suna yawan tsukewa. Mai ɗaukewar numfashi a barci iskar da ke jininsa tana raguwa. Wanda ya taɓa zubar da jini har ya galabaita, jijiyar tana iya samun rauni tun daga ranar. Da ta faɗi wannan na ƙarshen, matanmu na tuna, waɗanda suka sha zubar jini wurin haihuwa a ɗaka ko a kan hanyar asibiti. Duk wadda hakan ya taɓa samu, ta faɗa wa likitan ido ko bai tambaya ba.

Likitar ta kuma ɗauki wani hoton da ba kowa ake yi wa ba. Na'urar sunanta OCT, a Amurka aka ƙirƙiro ta a 1991, da haske take auna kaurin zaruruwan jijiya ba tare da ta taɓa ido ba. Wajen 2012 masu bincike a jihar Oregon suka koya mata bin motsin jini a ƙananan hanyoyin, ba allura ba rini, suka kuma ga jinin da ke zagaya bakin jijiya ya ragu a idon masu glakoma tun ciwon yana farko. A hotona, idon dama hanyoyin jinin sun yi cunkus, na hagu kuwa ta ƙasa sun yi tsilla-tsilla, daidai wurin da jijiyar ta sirance. Na tambaye ta wanne ya riga wani, ƙarancin jinin ko mutuwar zaruruwan. Ta ce masana har gobe suna jayayya a kai: wasu na cewa ƙarancin jini ne ke kashe su, wasu na cewa in zaruruwa sun mutu buƙatar jini ce ke raguwa, kuma a ganinta biyun duk suna faruwa. Amma ta ja mini kunne a kan abu ɗaya. Duk ƙasar nan da na'urorinta, babu ƙwaya ko ɗigo da aka tabbatar yana ƙara wa jijiyar jini har ya tsayar da ciwon. Abin da aka tabbatar shi ne rage matsin ido, ko da a wurin wanda lambarsa ba ta hau ba. Wani babban gwaji da aka buga a 1998 ya nuna rage shi da kashi 30 cikin 100 yana rage saurin ciwon a irin waɗannan mutane. In ba ka iya ƙara wa inji ƙarfi ba, ka ɗage ƙafar da ke kan mesa.

Saboda haka duk mai lasifika da ya tsaya a kasuwar Gujungu ko a tasha yana tallan maganin wanke jijiyar ido ko buɗe hanyoyin jini, kuɗinku kawai zai ci. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai ɗiga wa mutane ruwan ganye ko wani haɗi a ido.

Ni dai an ɗaura mini wata 'yar na'ura a damtse na kwana da ita, tana auna jini da kanta lokaci-lokaci har gari ya waye. Ta nuna jinina yana sauka fiye da kima cikin dare. Likitar ido ta rubuta wa likitan unguwa, shi kuma ya mayar mini da shan ƙwayar zuwa safe. Ka lura, Yaya, domin na san kai ma kana sha: ba a ce in daina ba. Hawan jini da aka bari ba magani shi ma yana lalata waɗannan ƙananan hanyoyi, ga shanyewar ɓarin jiki, ga ciwon ƙoda. Kada ka canja komai da kanka. Abin da nake so ka ɗauka daga nan shi ne likitocin biyu sun san abin da kowannensu ya rubuta. A nan kwamfuta ce ke haɗa su. A gida ba mai haɗa su sai kai, don haka ka zuba duk magungunanka a leda, na jini da na suga da na asma, ka ajiye wa likitan ido a kan tebur.

Ciwon nan ya fi kama mu baƙar fata, ya fi zuwa mana da wuri, ya fi kuma yi mana ɓarna. A birnin Baltimore na Amurka an gano baƙaƙe sun ninka farare wajen sau huɗu. A tsibirin Barbados, inda yawancin mutane jikokin Afirka ne, an bi dubban mutane shekara tara, aka ga waɗanda ƙarfin jinin da ke shiga idonsu ya yi ƙasa sun fi kamuwa. Namu na gida kuwa, tsakanin 2005 da 2007 an zagaya Najeriya an gwada fiye da mutum 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Yanar ido ce kan gaba wajen makanta da kashi 43 cikin 100, glakoma na biye da kusan kashi 17. Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta sun fitar da cewa mutum 5 cikin kowane 100 a wannan shekarun suna da ita, waɗanda suka san suna da ita ba su kai kashi 6 cikin 100 ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Sannan tana bin jini. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ku tuna yadda ta soma wa Baba. Yana iya ƙirga kuɗi, yana gane fuskar wanda ke gabansa, amma ya yi tuntuɓe da turmi, ya bugi ƙyaure da kafaɗa, a gaishe shi daga gefe sai ya juyo da kai gaba ɗaya. Gefe take fara ci, tsakiya ce ƙarshe. Mutane da yawa a ƙauyukanmu in sun ga haka sai su ce yana ce, a bari ta nuna, in masu aikin ido kyauta sun zo a cire. Yana ana cire ta gani ya dawo. Wannan abin da ta ci ya tafi, kuma duk watan da aka yi ana jira wasu zaruruwan ne ke mutuwa. A nan wanda ciwon ya kama masa ido biyu doka ta wajabta masa ya sanar da hukumar lasin tuƙi, a gwada ganinsa na gefe kafin a bar shi da mota. Ina tuna Kawu da yake jigila a hanyar Gezawa, da samarinmu masu acaɓa. Wanda ba ya ganin gefe ba zai ga saniyar da ta fito daga gona ba sai ta shigo titi.

Ta fuskar magani kuwa, abin da zai ba ku mamaki shi ne babu wani sirri a nan. Ɗigon da aka rubuta mini latanoprost ne, wanda aka fara sayarwa a 1996, ɗigo ɗaya da dare. Akwai timolol, tun 1978 ake amfani da shi, shi ya fi araha kuma shi aka fi ba mutane a gida. Duka biyun akwai su a manyan kantunan magani na Kano. Ni an kauce wa timolol saboda yana iya rage bugun zuciya da na jini, mai asma kuwa haɗari ne a gare shi ƙwarai, a gaya wa Gwaggo. Bambancin yana wurin yadda maganin ke zuwa hannu. A Ingila duk abin da likita ya rubuta fam 9.90 ne, mai tsada ne ko mai araha, wanda ya kai shekara 60 kuma ba ya biyan ko sisi. Ba na tunanin ko jabu ne, ba na tunanin ko ya kwana a rana. Irin latanoprost da aka saba da shi yana son firji kafin a buɗe, in an buɗe kuma a nan sati huɗu suke cewa a yar. A garinmu da wuta sai ta ga dama, ga zafin bazara, dole a yi dabara: a saya a kantin da ke da firji mai aiki, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kada a sayi na watanni da yawa a tara, a gida kuma a ƙulle shi a leda a ajiye a gindin randa. Kwalba ɗaya wata ɗaya ce, kuma ɗigo ne na har abada. Wanda ya ɗiga wata biyu ya ga ganinsa bai ƙaru ba ya watsar, bai fahimci aikin maganin ba. Ba ya dawo da abin da ya tafi, saura yake tsarewa.

Akwai wani abu da kyamis ɗin gida ke yi wanda a nan ba zai yiwu ba. Ido ya yi ja ko yaro yana susa, a je a ce a ba da na ƙaiƙayi, a miƙo ɗigo mai dexamethasone ko betamethasone. Yana kwantar da jan nan da nan, shi ya sa ake son sa. Amma in aka daɗe ana ɗigawa yana hawar da matsin ido, ya fi yin haka ga yara da 'yan gidan da ke da glakoma, wato mu. A nan ko ka yi kuka ba za a sayar maka ba sai da takardar likita. A duba kwalaben da ke ɗakunan matan gida, duk mai ɗauke da waɗannan sunaye a nuna wa likita.

A asibiti sun kuma yi mini tayin leza, wani haske da ake harbawa a matatar nan don ta buɗe, aikin 'yan mintuna kana zaune a kujera. Bayan gwajin da asibitin Moorfields na Landan ya jagoranta aka buga a 2019, tun 2022 shi ake fara yi wa yawancin sababbin masu ciwon a nan. An gwada shi a Tanzaniya ma, a asibitin da ke Moshi gindin dutsen Kilimanjaro, bayan shekara guda ya riƙe matsin a kusan ido 6 cikin 10, timolol kuwa 3 cikin 10. A ganina mu ya fi dacewa da shi, mu da ke nesa da kanti da firji. A tambaya a Kano ko ana yi. In likita ya ce tiyata ce ta dace, kada a gudu don an ji wani ya yi bai gani ba. Yawanci wanda ake ba da labarinsa ya je ne bayan jijiyar ta ƙare.

A gidan tsofaffin da nake aiki, ɗiga maganin ido yana cikin aikina na kowane dare. Akwai waɗanda kafin a kawo su sun yi shekaru su kaɗai a gida, hannu na rawa, ɗigon yana zuba a kumatu, ba wanda ya sani. Magani kyauta, likita kyauta, amma babu jikan da zai riƙe musu fatar ido. Inna ba za ta taɓa rasa wannan ba. Abin da suke da shi wanda ba mu da shi takarda ce: in lokacin komawarka ya yi za ta zo, ko da ta makara, in ba ka je ba a sake aiko wata. A gida likita zai ce ka dawo bayan wata uku, sai damina ta faɗi, sai biki, sai rashin kuɗin mota, shekara ta wuce ba wanda zai neme ka. Don haka a sami mutum ɗaya a gidan, ina ganin babbar 'yarka da ke sakandare za ta iya, ta sayi littafi ta rubuta sunan kowa da ranar komawarsa da ranar da kwalbarsa za ta ƙare.

Wuraren zuwa ba su ɓuya ba. A Kano akwai asibitin ido na ECWA da ya daɗe yana aiki tun zamanin Turawa, akwai asibitin ido na Makka, akwai sashen ido a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Murtala. A Jigawa a tambaya a asibitin Rasheed Shekoni na Dutse ko na tarayya da ke Birnin Kudu. In abin ya yi tsanani akwai cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna. In kun je, kalmar farko ita ce mahaifinmu glakoma ce ta makantar da shi, ƙaninmu ma an same shi da ita. Kada ku yarda a tsaya a karanta haruffan bango, domin ni ma na karanta su har layin ƙasa. Kada kuma ku taso don an ce lamba ta yi kyau. Ku roƙa a ɗiga maganin buɗe ido a leƙa jijiyar, in da hali a yi gwajin fitilun nan na gefe. Maganin buɗewar yana sa gani ya yi hazo na wasu awoyi, saboda haka kada wanda za a duba ya tuƙa babur ranar, ku hau adaidaita daga tashar Yankaba. Wanda aka ce ba shi da komai ya koma bayan shekara ɗaya ko biyu, yadda likita ya ce.

Na san za a yi tambayar azumi. Malamai da yawa sun ce ɗigon ido ba ya karya shi, a tambayi Malam a ji. Ko ba haka ba, wanda ake ɗigawa sau biyu ana iya yin sa da sahur da bayan shan ruwa. In an ɗiga a rufe ido a danne lungun da ke jikin hanci da yatsa kamar minti biyu, maganin ba zai gangara maƙogwaro ba, kuma kaɗan ne zai shiga jini.

Na turo kuɗi ta asusunka, Yaya, na mota da kati da gwaji na mutum huɗu. Kai da Gwaggo da Kawu ku fara zuwa, tare da Yaya Babba in mijinta ya amince, in ya yi gardama ka ba ni lambarsa in kira shi da kaina. Sauran su bi a wata mai kamawa, zan sake turowa. Duk abin da likita ya rubuta a kati, da lambar kowane ido, a ɗauki hoto a turo mini ta WhatsApp, har da kwalin duk maganin da aka saya, gaba da baya. A gaishe mini da Inna ƙwarai, a ce mata ina cin abinci kuma sanyin bana da sauƙi. A gaida Liman da Mai Unguwa da duk wanda ya tambaye ni. Wassalam.